Yadda za ka shirya bincikenka na tsaro har shi kai ga lambar yabo

Ƙannena na jami'ar Danfodiyo da jami'ar jihar Sakkwato da Poli ta Umaru Ali Shinkafi, tambayar ga da kuke ta turo min ta yi yawa, wai ƙaƙa mutum zai yi aikinshi ya kai gaban masu ba da kyautar bincike kan tsaro, to bari in amsa maku gaba ɗaya.

Kar ka fara da na'ura, fara da matsala. Tahi ka zamna da mutanen Sabon Birni ko Isa ko Goronyo da sunka baro gidajensu, ka tambaye su mi ke faruwa daga sadda anka hango babura zuwa sadda labari ke isa ga jami'an tsaro, wa ke kira, da wace waya, minti nawa ake ɗauka. Cikin wanga tsakani aikin yake. Kuma ka tuna a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan, to in abin da ka haɗa sai da data yake tashi, ranar da aka fi buƙatarshi ranar zai yi shiru. Shi ya sa ni dai na fi son in ga yaro shina aiki da rediyo ko jiniya mai sola da gari guda zai ji.

Sannan gwaji, nan ne mafi yawa ke faɗuwa wallahi. Abu ya yi aiki kan tebur cikin lab ƙarƙashin fanka sai mutum ya ce ya gama, alhali bai ga ranar Afrilu ta Sakkwato ba da ke wuce digiri 40, batir ya kumbure, roba ta lanƙwashe, hunturu ya zo ƙura ta rufe faifan sola caji ya ragu. Fitar da shi fili ka bar shi sati da sati. Sayi littafi guda mai bango mai ƙarfi, kullum ka rubuta kwanan wata da abin da ka gwada da abin da ya lalace da kuɗin da ka kashe, har ranar da ya ƙi tashi ka rubuta, don masu tantancewa sun fi yarda da wanda ya nuna inda ya gyara.

Kahin ka ɗora bidiyo a Facebook ko TikTok tsaya tukuna. Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 sai abu sabo take ba kariya, in ka riga ka baza shi duniya ta gani ka raunana haƙƙinka da hannunka. Hukumar NOTAP mai kula da bunƙasa fasaha tana taimaka ma masu bincike wurin rajistar ƙirƙira, kuma takardar mallakar shekara 20 take yi. In jirgi maras matuƙi ne aikinka kar ka kuskura ka tashe shi ba izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a wanga yanayi da muke ciki sai a ɗauke ka wani abu daban.

'Yan sashen zamantakewa da tarihi, ku ma bincike ne kuke yi, tsaro bai tsaya ga waya da ƙarfe ba. Amma don Allah ku ɓoye sunan wanda ya ba ku labari da sunan ƙauyensu, rai ne a hannunku, kuma ku nemi yardar kwamitin da'ar bincike na makaranta tun kahin ku fita.

Ina za a kai? Asusun bincike na ƙasa na TETFund, hukumar tallafa ma manyan makarantu, tallahi ne, malami ke jagoranta, ana fara tura taƙaitaccen bayani sannan cikakke in an zaɓe ka, don haka nemi malamin da zai riƙe ka cikin tawaga. Kyautar kimiyya ta kamfanin gas na NLNG da anka fara 2004 dala 100,000 ce, kowace shekara da jigonta, wani lokaci ma akan ƙare ba wanda ya ci, sai ka duba ko jigon bana ya taɓa aikinka. A Kaduna kuma akwai DICON mai ƙera kayan tsaro tun 1964, da AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama, ka riƙa bibiyar sanarwarsu a shafinsu na ainihi.

Wurin rubutu, shahi na farko shi faɗi matsala da maganin da kuɗin guda ɗaya, da Turanci mai sauƙi, ka ba wani wanda ba ɗan fanninku ba ya karanta ka ji ko ya gane. Tura da sauran sati guda, kun san halin wuta da netwok. Duk wanda ya kira ka ya ce ka ci kyauta amma turo kuɗin fom asusunshi, kashe wayarka ka kai lambar ga shugaban sashenku.