Kafin ku ba yaro manhajar karatu, ku gwada ta haka

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ni malama ce a wata makarantar firamare a Mabera, nan Sakkwato.

In kun sauke manhajar koyon harufa ko lissafi, kar ku tambayi yaro "Ka ji daɗinta?" Kunya za ta sa ya ce e. Ku miƙa masa wayar, ku zauna gefe minti 10, ku yi gum, ku bi yatsunsa da ido. Akwai wata ɗalibata da hannunta ke rawa. Sau huɗu tana neman taɓa harafin "b" tana faɗawa kan talla, a na biyar ta kife wayar a cinya ta juya kai. Yarinyar ta san harafin sarai, madannin ne ƙanana kuma a cunkushe. Ranar na goge manhajar.

Don yaro kurma, ku kashe sauti gaba ɗaya ku gwada da kanku. In umarnin duk da murya ake bayarwa, babu hoto ko rubutu, ba tasa ba ce. Don makaho kuwa, wayoyin Android na da TalkBack a cikin saiti, mai karanta abin da ke fuskar waya. Ku kunna, ku rufe ido. Matsawar kun ɓace, shi ma zai ɓace.

Ku kuma kashe data, ku ga ko tana aiki ba intanet, don kun san tsadarta yanzu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2019, ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin.