Yadda Za Ki Sa Hoya Ta Yi Fure a Gombe

Da farko ki samu ƙaramar tukunyar ƙasa mai huda a gindi, don hoya, wata shuka mai yaɗo da ganye masu kauri, ta fi yin fure in saiwarta na matse. Ki haɗa gawayi, ɓawon itace da ƙasa kaɗan. A dazukan Asiya jikin bishiya take maƙalewa, laka ruɓar da ita take.

Ki ajiye ta a baranda mai haske, inda ranar bazara ba ta dukanta. Tawa ta farko, ranar azahar ce ta babbake mata ganye.

Ruwa kuwa, sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe. Da hunturu ki rage, ki riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

In furen ya zube, kar ki yanke ɗan tsinken da ya ɗauke shi. A nan wani zai sake fitowa.