Masu saro man kwallon inabi a Abuja, dan Allah a gyara wadannan

Yan uwa mata masu sana'ar mayukan gyaran jiki da gashi, man kwallon inabi ya samu karbuwa sosai amma abinda nake gani a Wuse da Utako yana damuna wlh.

Babbar matsalar ajiya ce. Kusan kashi 70 cikin 100 na man nan sinadarin linoleic ne, shi yasa yake shigewa fata baya maiko, amma kuma shine yake sa shi saurin baci, baya son zafi baya son haske baya son iska. Sai kiga an juye shi a farar roba an jera a bakin shago rana na dukansa tun safe, ga zafin Abuja na watan Maris, ba a jima ba ya fara warin tsohon man gyada, kwastoma ta shafa taji kaikayi tace ai man ne bai karbe ta ba, alhali ke kika kashe shi. Ki zuba a karamar kwalba mai duhu ki rufe gam, ki ajiye inda ba rana, firij ma yafi in akwai wuta. Kuma kar ki saro jarka guda in baki da masu dauka, kadan kadan yafi miki.

Sai son arha. Kwallon inabi mansa kadan ne, da kyar yake kai kashi 20, shi yasa yawancin kamfanoni da sinadarin hexane suke tatso shi sannan su tace, wanda aka matse da inji zalla kuwa tsada gareshi. Daga Italiya da Faransa da Sifen yake zuwa, da kudin waje. Toh in wani ya baki shi a farashin man waken suya, an sirka. Ki duba lambar NAFDAC da ranar karewarsa kafin ki biya.

Wani abin da ake boyewa kuma bana jin dadinsa, yawancin kwallon daga masana'antar giya ake kwaso shi bayan an matse inabin, a busar sannan a fitar da man. Man kansa ba giya bane, amma in kwastoma ta tambaya ki fada mata gaskiya, mai shakka ta tuntubi malamai.

Masu cewa zasu hada a gida da inabin Kudan ta jihar Kaduna, inabin ci ne wancan, kwallon da zai baki lita daya ta mai ba kadan bane, kar ki fara sayen inji.