Yadda Ake Sa Tsohuwar Mota Zirga-zirgar Kullum

Masu motoci irin su Peugeot 504 ko Mercedes W123 sukan ji tsoron ɗora musu doguwar tafiya kowace rana. Amma wani Ba'amurke, Irv Gordon, ya sayi Volvo P1800 a 1966, ya yi ta tuƙa ta har ta wuce mil miliyan 3. Ajiya ta fi tafiya cin tsohuwar mota, muddin an shirya ta kafin a fara wahalar da ita.

Fara da ƙarƙashinta. Sa a ɗaga motar, ka ɗauki sukudireba ka riƙa danna ƙasan ƙofofi, da wurin da shokozoba ke kama jiki, da ƙarƙashin kafet. In ƙarfen ya burma, dakata nan. Inji ana gyara shi, ana ma canza shi, amma gangar jikin da tsatsa ta cinye ba ta da amfani ga mai tafiyar kullum. In jikin ya yi, makaniki ya auna ƙarfin matsin kowace silinda. Idan ɗaya ta yi ƙasa da sauran sosai, akwai aiki a ringi ko bawul.

Sai roba, kuma nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Roba tana tsufa ko motar ba ta motsa ba. Canza tiyon mai, tiyon lagireto, tiyon birki da fambel gaba ɗaya, kada ka jira ɗaya ya fashe. Tiyon mai ya fi gaggawa: fetur na yanzu a ƙasashe da yawa ana gauraya shi da itanol, wani sinadari mai cin tsohuwar roba, ga kuma inji da zafi a gefe. Haka gobara ke tashi. Taya ma kada zanenta ya ruɗe ka. Duba lambobi huɗu na ƙarshen lambar DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta kai shekara 10 a cire ta, ko da zanen na nan daram.

Man birki yana shan danshi, don haka a zubar da shi a zuba sabo duk shekara 2. Motoci da yawa na kafin 1967 layin birki ɗaya gare su, in ya tsiyaye tayoyi huɗu sun rasa birki lokaci guda. Irin wannan, a mayar da ita layi biyu.

A wanke lagireto, a duba famfon ruwa. Wasu na cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, wai don inji ya yi sanyi. Ni ban yarda da wannan ba, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan mai, ya fi saurin lalacewa.

Kontak na cikin distiributa yana cinyewa, yana buƙatar saiti a kai a kai. Mai tafiya mai nisa gara ya sa na lantarki, ya jefa tsohon a but don ɓacin rana. Akwai kuma abin da ake mantawa: injinan da aka ƙera lokacin fetur mai gubar dalma, mazaunin bawul ɗinsu yana lotsawa da fetur na yanzu idan ana dogon gudu. Ko dai a riƙa zuba maganin da ake yi don haka, ko a sa mazauni mai tauri ranar da aka kwance kan inji.

Daga nan sai kiyaye lokaci. Juye da sabuwar filta duk kilomita 5,000, giris a duk inda aka yi masa gurbi, saitin bawul kamar yadda littafin motar ya ce. Ajiye ƙaramin littafi kana rubuta kilomita da abin da aka yi. Da safe, kafin ka tayar, ja sandar awon mai, leƙa ruwa, dubi ƙasa ko wani abu ya ɗiga. A but kada a rasa fambel, fulogi, fis, baƙin mai da galan na ruwa.

Makonnin farko ka yi gajerun tafiye-tafiye, kana sauraron inji, idonka kan allurar zafi, sannan ka riƙa ƙara nisa. A kan hanya kuma ka bar tazara fiye da yadda ka saba, domin yawancin waɗannan motoci ba su da ABS (na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi), ba su da jakar iska.