Inda ɗalibai ke tuntuɓe da "not only" da 'yan uwanta

Na daɗe ina duba insha'in ɗalibai masu shirin WAEC da NECO, kuma akwai wata jimla da jan birona ke komawa kanta kusan kowane mako: "Not only he came late, but he also forgot his book." Yaron ya san abin da yake nufi sarai. Da Hausa zai ce, "Ba latti kaɗai ya yi ba, har littafinsa ya manta." Ina tausaya masa, domin harshenmu ba ya juya jerin kalmomi irin yadda Turanci ke yi. Ko tambaya za mu yi, "Ya zo" ce ke zama "Ya zo?", murya ce kawai ke tashi.

Turanci ba haka yake ba. Idan kalmar korewa irin not only ta buɗe jimla, sai jimlar ta ɗauki fasalin tambaya, kalmar taimako irin su did, had, was ko can ta shige gaban mai aikin: "Not only did he come late, but he also forgot his book." Lura da come. Da zarar did ta shigo, ita ce ke ɗauke da lokacin da ya wuce, don haka "did he came" kuskure ne, kuma shi na fi gani wajen waɗanda suka riga suka gane juyin. Rabi na biyu kuma, bayan but, a barshi yadda yake.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri, su riƙa juya duk jimlar da ta fara da not only. A "Not only Musa but also his sisters passed" babu juyi, saboda masu aikin ake haɗawa, ba jimloli biyu ba.

Wani abin da ke kayar da mutane a tambayoyin cike gurbi na JAMB shi ne no sooner da hardly. Dukkansu suna nufin abin da muke cewa, "Isowarmu ke da wuya sai ruwa ya kece." Amma kowacce da abokiyar tafiyarta: "No sooner had we arrived than it started to rain", sannan "Hardly had we arrived when it started to rain." Dabarar da nake koya wa 'yan ajina ita ce su kalli wutsiyar sooner. Kalmar kwatanci ce kamar bigger da taller, kuma ba wanda ke cewa "bigger when". Scarcely da barely suna bin sahun hardly.

Akwai kuma matsalar wurin zama. "He not only sells rice but also beans" ta karkace, domin gefe ɗaya aikatau ne (sells), ɗayan kuma suna ne (beans). A matsar da ita kusa da abin da ake haɗawa: "He sells not only rice but also beans." Haka ake yi da both da and, da either da or.

Wajen neither da nor, aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi: "Neither the teacher nor the students were there", amma "Neither the students nor the teacher was there." Nakan sa ɗalibai su ɗora yatsa kan sunan da ke bayan nor kafin su zaɓi was ko were.