Darasi na Bakwai: Sayen laftof daidai aljihunka a Legas

Tun da muka fara ajin yamman nan a Agege babu tambayar da ake min kamar wannan, Malam wace laftof zan saya, kuɗina kaza ne. Ni kuma kullum amsata ɗaya, wane aiki za ka yi da ita? Sai ka ga mutum ya yi shiru, dan shi dai ya gani a hannun wani ne ta burge shi. To daga nan darasin yau zai fara. Ɗauki biro ka rubuta aikin da kake so ta yi maka kafin ka tambayi kuɗinta.

Yawancinmu aikin bai wuce rubuta wasiƙa a Word ba, lissafin shago a Excel, cike fom a intanet, yara su gwada tambayoyin JAMB tunda yanzu a kwamfuta ake zana jarabawar, sai kallon karatu ko wa'azi a YouTube da daddare. In dai wannan ne aikinka ba ka buƙatar mai tsadar nan ta masu haɗa fim ko 'yan gem, kuɗinka kawai za ka zubar.

Bari in ba ku labarin wani ɗan ajinmu, dattijo ne mai sayar da albasa a Mile 12, kaya na zuwar masa daga Aliero, littafin bashinsa ya cika har ya fara yagewa shi ne ya ce zai koma kwamfuta. Ya tafi Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, shi kaɗai, tun daga ƙarƙashin gada wani yaro ya tare shi, oga me kake nema, ya ja shi lungu ya nuna masa wata mai ƙyalli an goge ta tas, ga sitika a jiki an rubuta Core i7. Ya biya ya dawo yana murna. Da ya kawo ta aji muka kunna, wallahi har na gama goge allo na rubuta kwanan wata ba ta gama buɗewa ba, muna zare caja kuma ta mutu nan take. Da na duba lambarta sai na ga i7-2620M, wato injin 2011 ne. Ya kalle ni ya ce, Malam ai cewa aka yi bakwai ta fi biyar. Abin ya tsaya min a rai sosai dan kuɗin gumi ne, kuma ba wauta ya yi ba, lamba ɗaya ce kawai ba a koya masa karantawa ba.

Ga lambar nan, ku kula da kyau. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ita ake kira firosesa, za ka ji ana cewa Core i3, i5, i7. Amma wannan suna ne kawai, kamar a ce maka mota Toyota ce ba a faɗa maka ta wace shekara ba. Shekarun suna cikin lambar da ke bin sunan. In ka ga i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce 8, ma'ana janareshan na takwas, waɗanda suka fara fitowa a 2017. In ka ga i5-10210U to biyun farko za ka karanta, 10, haka ma i5-1135G7 na 11 ne. Saboda haka i5 na takwas ya fi i7 na biyu nesa ba kusa ba. Ni shawarata kar ka sauko ƙasa da na takwas, kuma ina da dalili. Kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga janareshan na takwas take karɓa. Tsohuwar ba wai za ta daina aiki ba ne, a'a, amma wanda zai riƙa shiga asusun bankinsa da ita bai kamata ya zauna a gidan da aka daina gyara ƙofarsa ba. In an ce maka mai ƙaramin firosesan nan Celeron ce sabuwa dal a kwali kuma da araha, ka yi haƙuri ka wuce, tana da nawa.

Sai ram. Ram kamar faɗin teburin mai shayi ne, in tebur ƙarami ne kofi uku ya cika shi sai an ɗauke wani kafin a ajiye wani. 4GB za ta yi amma da ka buɗe shafi huɗu biyar a Chrome za ta fara nishi, 8GB ita ce daidai aikinmu. Ka tambaya ko ana iya ƙara mata nan gaba, dan wasu a manne take da jikin injin.

Wurin ajiya kuma iri biyu ne, HDD da SSD. HDD tsohon yayi ne, akwai faifai a ciki yana juyawa, in ka kanga kunne ma za ka ji shi, kuma ba ya son jijjiga, ka tuna a danfo za ka riƙa yawo da ita ana faɗawa rami ana fitowa. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, ga sauri, cikin 'yan daƙiƙu ta buɗe. Mai shago zai ce maka wannan 500GB ce ko 1TB, wato kusan 1000GB, waccan 256GB ce kawai, ka ga babba ta fi. Ka tambaye shi wace iri ce. SSD mai 256GB ya fi maka HDD mai 1TB, takardu da hotunan gida ba za su cika shi da wuri ba. Ita ma ta dattijon nan SSD muka sa mata ta ɗan farfaɗo, yana lallaɓawa da ita har yanzu.

Sabuwa ko ta hannu? Gaskiya mai ƙaramin ƙarfi ta hannu ce tasa, wadda a nan ake ce wa tokumbo ko Landan yus. Kuma a cikinsu ni na fi yarda da waɗanda aka ƙera dan ma'aikatan ofis, irin su HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 5490 ko 7490, da Lenovo ThinkPad T480. Jikinsu na da ƙwari, sannan kayan gyaransu sun cika kasuwa, in kibod ya lalace ko batir ya mutu za ka samu a Ikeja ko Alaba ba sai an yi maka oda ba. Farashi kuwa dala yake bi, na wannan watan daban na wata mai zuwa daban, dan haka ka zaga shago uku ko huɗu a rana ɗaya ka ji bakin kowa kafin ka ciro kuɗi.

Yanzu ranar zuwa kasuwa. Daga Agege ba nisa, ko danfo ko jirgin ƙasan Red Line ya sauke ka Ikeja, ka tafi da safe kar ka bari sai yamma ana shirin tashi kowa na sauri. Ka tafi da wanda ya sani in da hali. Masu tarar mutane a bakin titi ka gaishe su ka wuce, shago za ka shiga mai suna a ƙofa wanda gobe in ka dawo za ka same shi. Akwai masu amana da yawa a kasuwar nan, kuma mai gaskiya ba ya jin haushi dan ka ce za ka gwada.

Ka zauna, kar ka ji kunyar zama. Ka ce a kunna a gabanka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani akwati zai buɗe, ka shiga inda aka rubuta Performance, nan za ka ga sunan firosesa da lambarta, yawan ram, da ko SSD ne ko HDD. Abin da injin ya faɗa da kansa shi za ka yarda da shi, sitika kowa na iya mannawa. Daga nan ka buɗe wurin rubutu ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, har lambobi, kar ka tsallake ko ɗaya. Ka buɗe farin shafi ka duba sikirin ko akwai ɗigo baƙi ko layi. Ka buɗe murfin ka rufe sau uku huɗu ka ji ko yana ƙara ko ya saki. Ka sa filas a kowane rami, ka haɗa ta da hosfot ɗin wayarka, ka kunna kyamara ka ga fuskarka, ka saurari sifika. Ka kuma ce a shiga BIOS a gabanka, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, in ta nemi fasuwod kuma mai shagon bai san shi ba to ka ajiye masa kayarsa, ba ka san daga inda ta fito ba.

Batir shi ne inda na fi so ku daɗe, dan kun san halin wuta a unguwanninmu, laftof marar batir ai talabijin ce. Ni kaina an taɓa yi min, na saya a wani shago ina sauri ruwan sama ya taso, mai shagon ya rantse min awa huɗu take yi, na zo gida ko minti arba'in ba ta kai ba, na koma ya ce batir ba ya cikin waranti. Tun daga ranar ga yadda nake yi. Ka sa a zare caja, ka rubuta lambar cajin da ka gani a takarda, a ce 90, ka kunna bidiyo ka ƙara hasken sikirin ka bar shi minti ashirin kuna hira, sannan ka sake dubawa. In ta sauko kaɗan to madalla, in ka ga ta faɗo 60 ko ta yi tsalle daga 70 zuwa 30 batirin ya gaji, ko a canza maka ko a rage kuɗin sabo a ciki. Ka taɓa ƙasanta ma a lokacin, ɗumi ba komai, amma zafin da hannu ba ya iya jurewa da fanka mai ihu alamar matsala ce.

Kafin ka tura kuɗi a rubuta maka risit mai sunan shago, da sunan laftof ɗin, da siriyal lambar da ke ƙasanta, ka karanta da bakinka ka ga ta yi daidai, a kuma rubuta kwana nawa ne waranti da abin da ya ƙunsa, har batir da caja. Maganar baki ba ta dawo da kuɗi. Cajar ma ka duba ta asali ce, ta jabu ba ta da nauyi kuma tana kashe batir. Kuma kar ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan injin, ka rage na jaka mai soso wadda ruwa ba ya ratsawa dan daminar Legas ba ta sallama, da soket mai kariya saboda lokacin da ake dawo da wuta da ƙarfi ko ake juyawa zuwa janareta. A gida kuma a daina ɗora ta kan katifa, ta ƙasa take shan iska.

Aikin gida. Ga lambobi uku, i7-3520M, i5-8350U, i3-10110U, ka rubuta janareshan na kowace a littafinka ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda za su karɓi Windows 11. Sannan a ce kana da naira 250,000, ka ware na jaka da soket da kuɗin mota zuwa Ikeja da dawowa yadda ka san farashinsu, ka rubuta abin da ya rage maka na laftof. Wanda ke da laftof a gida ko ta ɗansa ce ya zo da ita ranar Laraba da cajarta, za mu danna maɓallan nan uku tare kowa ya karanto mana lambar tasa da ƙarfi.