Darasi na 7: Tsara Lambu Domin Ƙananan Halittu

Yawancin gidajen Aboabo da Asawase a Kumasi ba su da fili, amma ba a rasa lungu a gefen katanga inda za a jera tsofaffin bokitai da buhuna cike da ƙasa, a shuka kuɓewa, barkono, yakuwa da kontomire (ganyen gwaza). Wannan darasi zai nuna yadda ake tsara irin wannan lambu har ƙananan halittu su zauna a cikinsa, domin da yawansu aiki suke yi wa mai lambu ba tare da lada ba.

Mu ɗauki kabewa. Tana yin fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace, ana kuma gane macen da ɗan kumburin da ke gindinta. Idan ƙudan zuma bai kwaso garin fure daga namijin ya kai wa macen da sassafe ba, kumburin nan sai ya yi rawaya ya faɗi. Mutane kan ɗora laifin a kan iri ko ƙasa, alhali sau da yawa maganin ƙwarin da suka fesa ne ya kashe zuman. Ko koko da ƙasar Asante take tinƙaho da shi, wani mitsitsin ƙwaro ne yake yi masa wannan aiki, shi kuwa a cikin ruɓaɓɓen ganye yake hayayyafa.

Saboda haka kada a share lambu fes kamar tsakar gida. A baza busasshen ganye a gindin shuka, ya riƙe laima lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya kuma ciyar da tana. A bar ɗaɗɗoya ta yi fure, domin zuma na sonta ƙwarai. Ƙadangare da kwaɗo suna cin ƙwari, don haka a hana yara jifansu; sai dai tarin itace ko duwatsun da suke fakewa a ciki, a nisanta shi daga ƙofar ɗaki saboda kunama da maciji.

A ajiye kasko marar zurfi da 'yan tsakuwa a ciki domin tsuntsaye da zuma su sha, amma wajibi ne a canja ruwan duk bayan kwana 2 ko 3, tun da ƙwan sauro kan zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10. Idan tsutsa ta yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma bayan zuma sun koma.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zauna kusa da shukarsa minti 10 da safe har mako guda, ya rubuta sunan halittar da ya gani, da shukar da ta sauka a kai, da abin da take yi. Ajin da ya samu hali ya shirya ziyara zuwa dajin Bobiri kusa da Kubease, a kan hanyar Accra, inda ake da malam-buɗe-littafi kusan iri 400, ɗalibai su tafi da littattafan rubutunsu.